Ƙafar Dama Ce

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona bayan la'asar, kuna latsa waya kuna cewa yanzu kowa ma mai hoto ne, ina jin ku. Ba na gardama da ku. Kun lura duk wanda ya miƙo min waya in ga hotonsa, ba fuskarsa nake fara dubawa ba, hannun da agogo yake nake nema, sai ku yi dariya ku ce Baba Sabo ya cika zargi. Gaskiyarku, ina da zargi. Ban yarda da kyamara ba, ban yarda da wanda ya riƙe ta ba, kuma a cikin masu riƙe ta ɗin, wanda na fi rashin yarda da shi shi ne ni kaina. Ba haka aka haife ni ba, aiki ne ya mayar da ni haka.

A Kano na koyi sana'ar, wajen wani Bayarabe da muke kira Oga Lasisi. Shekara biyu cur ban ɗora ido a kyamara ba. Shara, ɗiban ruwa, haɗa maganin wanki, shanya hotuna a igiya kamar kayan yara. A ɗakin duhu ya fara koya min abin da ya ce shi ne rabin aikin. Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai ƙyalli, ɗaya dishi-dishi. In za ka sa shi a injin buga hoto, mai ƙyallin ce sama, dishi-dishin tana kallon takarda. In ka kifa shi, hoto zai fito tsaf, ba tabo ba komai, sai dai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Ya sa na dinga shafa fim a cikin duhu har babban yatsana ya haddace bambancin. Sau ɗaya na kifa hoton wani ɗan sanda, lambarsa ta koma ɗaya kafaɗar. Ranƙwashin da na sha ranar, har yau in hadari ya haɗu ina jin wurin.

Da na dawo Gaya na buɗe wannan shagon, ni kaɗai ne mai hoto daga nan har Ajingi. Amare, 'yan makaranta masu neman fasfo, maniyyata, da tsofaffin da suke tambaya ko gaskiya ne hoto yana rage kwana. Akwai malamin da ya yi wa'azi a kaina ranar Juma'a, ya zo ranar Asabar da sassafe ta bayan shago don a ɗauke shi na tafiya Makka. Na ɗauke shi, na ma gyara masa rawani.

Aikin ƙasusuwa kuwa ya same ni ne da wani rani. Wasu mutanen jami'a, masu tonon tarihi, suka sauka a wani kufai, wato tsohon mazaunin da mutane suka tashi suka bari, a gabas da gari. Kyamararsu ta faɗa rami ta fashe, aka ce musu ai akwai Sabo. Shugabansu wani siririn mutum ne mai gilashi, kowa Dakta yake ce masa. Ranar farko ya nuna min wani rami da suka share da cokalin magina da buroshin fenti, ga mutum a dunƙule a ciki, gwiwoyinsa a ƙirji, da 'yar tukunya a gefen kansa. Na ɗaga kyamara zan danna, ya riƙe min hannu.

“Malam Sabo, amarya in hotonta bai yi kyau ba za ta dawo gobe. Wannan da zarar mun ɗaga shi, shi ke nan, babu mai sake kwantar da shi yadda muka same shi. Hotonka ne kawai zai rage.”

Shi ya koya min cewa ƙashi ba ya son rana. In rana ta doke shi sai ya fito fari fat kamar alli, ba ka ganin tsaga ko gaɓa, dole a shimfiɗa farin ƙyalle a sama a yi masa inuwa. Ba a ɗauka daga gefe, sai ka hau tsani ka leƙo daga sama. Sannan abu uku ba sa rabuwa da kowane hoto. Sanda mai zanen baƙi da fari, don a san tsawo. Kibiya ta katako, da ake saitawa da kamfas ta nuna arewa. Sai ɗan baƙin allo irin na 'yan firamare, a rubuta sunan wuri da lambar rami da alli. Na ce masa allon nan ɓata lokaci ne, ai zan iya rubutawa a bayan hoto. Ya ce a'a, rubutun yana da wani aikin. Kibiya a tsaye take, ko an kifa fim arewa za ta ci gaba da nunawa. Rubutu ne kaɗai yake tona asiri, don zai fito a baibai.

Rani uku na yi da su. Na koyi bambanta ƙashin akuya da na mutum, da gane karayar da ta warke tun mutum yana raye da wadda diga ta yi jiya. Da za su tafi Dakta ya bar min sandar, da kibiyar, da kamfas, da allon. Ya kuma bar min suna, don tun daga nan aka koma ce min Sabo mai hoton ƙwarangwal. Iyayen amare suka fara tambaya ko da kyamarar da na ɗauki matattu zan ɗauki 'yarsu. Sai na canja mata igiya, na ce sabuwa ce na sayo a Kano, aka ci gaba da zuwa. Amma allon ne ya fi tayar da magana. Wani ya ce ya gan ni da idonsa ina rubuta sunayen matattu in ajiye a gefen kawunansu, kuma kowa ya san mai yin haka ba don Allah yake yi ba. Maganar ta kai har majalisar masallacinmu. Na gaji, na cusa allon a ƙarƙashin gado, na ce ai yatsana ya ishe ni.

Shekarar da nake kira muguwar shekara, ana gyaran wata hanyar burji a wajen Ajingi. Wani mai tifofi, Alhaji Mamman, ya sayi jar ƙasar wata gona a wani ƙauye bayan Toranke, ba zan faɗi sunansa ba. Leburorinsa suna sare saman ƙasa da diga kafin katafila ta iso, sai suka ci karo da mutum a kwance. Aka tsayar da aiki. Mai gari ya aiko a kira ni, yana so ya sami abin nunawa in an tambaye shi daga sama.

Na isa rana tana tsaka. Na kori 'yan kallo, na share da buroshi, na sa leburori biyu suka riƙe min ƙyalle. Cikakken mutum ne, a miƙe, a kan gefensa, kansa a kudu. Ƙashin ƙwaurinsa ɗaya ya taɓa karyewa, ɗorin ya kama a karkace, ya yi ƙulli kamar gaɓar rake. Na ajiye sanda, na saita kibiya, na tsaya a kan wani bokiti da aka kifa na ɗauka sau uku. Allo yana gida a ƙarƙashin gado. Kafin in gama naɗe kayana mai gari ya sa an tattara ƙasusuwan a farin yadi, aka binne su a gindin wata tsamiya a gefen gonar.

Kwana biyu bayan haka maganar ta canja. Wata tsohuwa, Iya Hansai, wadda ta haura saba'in, ta zo ƙofar gidan mai gari ta zauna ta ce ba za ta tashi ba. Ta ce wurin nan maƙabarta ce. Tana yarinya aka yi wata shekarar cutar agana da ta cinye unguwarsu, waɗanda suka rage suka tashi suka koma inda ƙauyen yake yanzu, alamun kaburbura suka baje, jikoki suka mayar da wurin gona. Ta ce iyayenta duka biyu suna nan kwance. Duk sa'o'inta sun mutu, babu mai gaskata ta ko ƙaryata ta. Alhaji Mamman kuwa ya ce mutanen da ne, na kafin Musulunci, irin waɗanda 'yan jami'a suke tonowa. Leburorin da suka gani, wannan ya ce gabas mamacin yake kallo, wancan ya ce yamma, da ubangidansu ya harare su sai duk suka ce ba su lura ba. Mai gari ya ce to, a jira hoto.

Kun san yadda ake kwantar da Musulmi a nan, kai a kudu, a kan hannun dama, fuska tana kallon gabas. In haka hoton ya nuna, maƙabarta ce, babu tifar da za ta sake shiga. In ba haka ba, aiki ya ci gaba.

Na wanke fim ɗin da hantsi, ana zafi kamar a gasa mutum, direban Alhaji yana ta buga min ƙofa wai ana jira. Na yanka shi gida shida-shida yadda na saba, wato hoto shida a kowane tsinke, na zura tsinken da kabarin yake a inji, na buga duk abin da ke kansa a zama ɗaya. Na shanya, na sa a ambulan, na hau babur.

Tun a hanya na gama yanke wa kowa hukunci. Alhaji, na ce a raina, ko kabarin kakansa ne zai kwashe. Mai gari ya riga ya ci rabonsa. Mai gonar yana tsoron a ce ya mayar da abin da ya karɓa. Ita kuma tsohuwar, na tabbata wani ne ya turo ta, mai jin haushin ba gonarsa aka saya ba. Mutum ɗaya ne a duk taron ban zarga ba, shi ne mai ambulan a aljihu.

Kafin in buɗe, Iya Hansai ta ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, kada ya buɗe tukuna. In Baba ne, ƙafarsa ta dama a karye take. Jaki ne ya harbe shi yana saurayi, ɗorin bai zauna ba, da ɗingishi na san shi. A bakin maƙabartar aka sa shi, ta wajen tsamiya, Inna tana gabansa kaɗan. A duba.”

Na zaro hoton na miƙa wa mai gari, ya miƙa wa liman. Liman ya juya shi har kibiya ta kalli sama, ya daɗe yana dubawa.

“Akwai karaya kam,” in ji shi. “Amma a ƙafar hagu take. Kuma wannan a kan hannun hagu yake kwance, ya ba alƙibla baya. Ba a yi wa Musulmi haka.”

Alhaji Mamman ya yi murmushi. “Iya, wanda ya ba ki labarin karayar bai gaya miki ƙafar ba ke nan.”

Aka yi dariya, kuma ina cikin waɗanda suka yi. Mai gari ya juyo gare ni.

“Sabo, kai ka shiga ramin. Haka ka gani?”

A raina kamar gabas na ga yana kallo. Amma rana tana tsaka a lokacin, ga ƙyalle a kaina, hankalina yana kan haske. Kuma ni ne mutumin da ya shekara yana gaya wa mutane ido yana mantuwa, fim ba ya yi. Na ce, “Ranka ya daɗe, abin da ke takarda shi ne ke ƙasa.”

Iya Hansai ba ta yi kuka ba. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ni na riƙa wanke masa ƙafar da ruwan ɗumi. Dama ce.” Ta tafi. Washegari katafila ta shiga. Da yamma Alhaji ya aiko min da buhun gyaɗa, wai na gode da wahala, na karɓa na sa a ɗaki.

Kwana shida bayan nan ina zaune a nan inda nake, sai ga Malam Habu, malamin Islamiyya na nan Gaya, wanda na ɗauki walimar saukar ɗalibansa a satin da aka kira ni ƙauyen. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya ajiye hoto a kan tebur.

“Sabo, me na yi maka?”

“Allah ya gafarta Malam, lafiya?”

“Dubi nan. Shekara talatin ina tsawata wa yara kan hannun hagu, kai kuma ka fito da ni ina gaisawa da babban baƙona da hagu, shi ma ya miƙo min hagu. Yara sun gani suna ta ƙus-ƙus. Yaushe na zama bahago?”

Na ɗauki hoton. Ga Malam a ƙofar makaranta, ga baƙo, ga hannuwa biyu na hagu a haɗe. Aljihun rigar baƙon ma ya koma ɗaya ɓarin. Tun kafin kaina ya gama lissafi na san a wane tsinke wannan hoton yake. Na bar Malam a tsaye na shiga ɗakin duhu. Gida uku na farko walima, uku na ƙarshe kabari. Na shafa da yatsa, na sa mai ƙyalli sama, na sake bugawa. Na tsaya ina kallon takarda a cikin ruwan magani, mutumin yana fitowa a hankali, a kan hannunsa na dama, fuskarsa a gabas, ƙullin a ƙafar dama.

Har yau ban san yadda aka yi ba. Ko gumi ne ya jiƙa min yatsa, ko bugun ƙofar direban ne, ko kuwa na saba har na daina dubawa. Abin da na sani, da allon yana cikin hoton, tun a igiyar shanya zan gani.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin yin shiru. In sake wa Malam Habu nasa, in ba shi haƙuri, in ƙone fim ɗin, babu mai sani har a naɗe duniya. Tsoro nake ji, don na san abin da zai biyo baya. Na zauna a cikin duhun nan kamar minti goma. Sannan na tuna kowane minti ɗaya tifa tana lodi, na fito da hoton bai gama bushewa ba na hau babur.

Mai gari ya jera hotunan biyu a kan tabarma, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya sa aka kira liman. Na yi musu bayanin fuska mai ƙyalli da mai dishi-dishi, na nuna musu hoton Malam Habu. Mai gari ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To, Sabo. Buhun gyaɗan nan fa, kafin ka kifa aka kai maka ko bayan ka kifa?” Ashe labarin buhun ya riga ni zuwa.

An tsayar da aikin a ranar. Aka sa dattawa suka bi gefen ramin, suka ga bakin wasu kaburburan a jere, duk kai a kudu. Aka kewaye abin da ya rage da ƙaya, daga baya aka dasa itatuwa. Amma katafila ta yi kwana shida tana aiki, kuma ta wajen tsamiya ta fara.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na ji tsoro. Mutanen ƙauyen suka ce Alhaji ne ya saye ni na juya hoton farko. Alhaji ya ce dangin tsohuwar ne suka saye ni na juya na biyu. Na mayar da gyaɗar, aka ce ai ga shi nan, ya amsa laifinsa. Shekarar nan kaf babu biki ko suna ɗaya da aka kira ni daga Toranke har Ajingi, mutane sun gwammace su shiga mota su je Kano. A nan Gaya ma, in na ba mutum fasfonsa sai ya duba ko tsagar fuskarsa tana inda take. Ban ga laifinsu ba. Na zaro allon daga ƙarƙashin gado, na rataye shi a bangon nan, shi ne wanda kuke tambaya kullum na mene ne.

Sai da na yi sati ina ɗagawa kafin na iya zuwa gidan Iya Hansai. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo neman afuwa, na miƙa mata hoton na gaskiya. Ta goge hannu a zaninta, ta kai shi kusa da ido, ta bi ƙafar da yatsa har ta tsaya a kan ƙullin.

“Baba ne,” ta ce. “Ka ga dama ce.”

“Dama ce, Iya.”

“Shi dai an rufe shi a gindin tsamiya, na je na gani. Na yafe maka dariyar da ka yi.” Ta ajiye hoton a cinyarta. “Inna fa? Ka ɗauke ta ita ma?”

Na ce ban ɗauke ta ba, babu wanda ya kira ni.

“To ina tifofin suka kai ta?”

Na san amsar, don a kan hanyar na biyo na zo. Daga gangaren da ke bayan ƙauyen har zuwa ƙaramar kwalbati, duk jar ƙasar gonar nan ce aka zuba aka daddaɓe. Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta jawo kwaryar gyaɗarta ta ci gaba da ɓara. Ba ta kai damina biyu ba ta rasu.

Wayoyin nan naku ma suna juya hoto, in kun ɗauki kanku da kyamarar gaba. Ku duba rubutun rigarku za ku gani. Ba ku damu ba, don fuskarku ce, gobe ma tana nan. Amma wata rana wani zai miƙo muku abin da ba za a sake gani ba ya ce ku ɗauka, kuma a kan hotonku za a yanke magana. Ranar ku sa rubutu a ciki, ko da kwalin ashana ne, ku bar masu surutu su yi ta yi.

Wasunku sun gan ni a hanyar can ranar kasuwar Ajingi, na kashe babur ina tura shi da ƙafa daga gangare har kwalbati, kun tsaya kuna tambaya ko mai ne ya ƙare. Akwai mai a tanki. Sauka nake in yi wa waɗanda ke cikin ƙasar hanyar sallama, kuma ba na hawa sai na wuce kwalbatin.